Yankari da sauran dazukan gwamnati: a sare ko a tsare?

Injiniya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai zan faɗe ta ko da za a yi mini ca. Ku lissafa wuraren da rashin tsaro ya kafa sansani a Arewa: Sambisa a Borno, Kamuku a Birnin Gwari, Rugu a Katsina, Kuyambana a Zamfara, ga Falgore da aka yi shekaru ana tare matafiya a hanyar Kano zuwa Jos. Kowannensu daji ne da hukuma ta keɓe ta ce kada a taɓa. Yanzu kuma ga hare-hare a yankin Gwana da Duguri, a gindin Yankari. A farkon 2022 Malam Nasiru El-Rufa'i, lokacin yana gwamnan Kaduna, ya ce a yi wa dazukan ruwan bama-bamai, in ƙura ta lafa a sake dasa itatuwa. Ni ban kai can ba. Abin da nake cewa shi ne a yanka su a raba wa manoma, a ratsa su da tituna, a kafa garuruwa. Yankari kaɗai murabba'in kilomita 2,244 ce, ga matasa zaune ba gonar nomawa. Don Allah wa ke cin moriyar wannan ajiya?

Maman Sadik:
Wa alaikumus salam. Injiniya ka taɓo babbar magana. Mu jira Baba, shi ya yi aikin da hannunsa.

Baba Malamin Daji:
Ɗana Injiniya, tambayarka tana kan hanya, sai dai ka ɗauko labarin daga tsakiya.

Waɗannan dazuka ba jiya aka shata su ba. Turawa sun yi dokar gandun daji a 1916, suka sabunta ta a 1937, kuma a nan Arewa da sunan En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, aka keɓe yawancinsu. Kamuku da ka ambata gandun En'e ta Birnin Gwari ne tun 1936. Falgore a da Kogin Kano ake ce masa, shi ma tun zamanin Turawa. Sambisa 1958. Yankari kuwa gwamnatin Jihar Arewa ta amince da ita a 1956, aka shata ta a matsayin gandun En'e ta Bauchi a 1957, aka buɗe wa masu ziyara ranar 1 ga Disamba 1962. Cikin waɗanda suka tsaya a kan maganar har da Alhaji Muhammadu Ngileruma, wanda ya ga irin wannan gandu a Sudan ya dawo yana son a yi mana namu.

Ba zan ce Turawa don Allah suka yi ba. Katako suke so da kuɗin lasin, kuma sun hana talaka abin da kakansa ke ɗiba kyauta. Amma abin da nake so ka riƙe shi ne, a wancan lokaci daji yana da mai shi. Akwai malamin daji, akwai masu gadi a ƙarƙashinsa, akwai dagaci da mai unguwa da za a tuhuma in an ga sabon kututture. Kowace shekara bayan damina sai an share iyaka, an yi ƙunar farko tun ciyawa ba ta gama bushewa ba, don kada gobarar rani ta lashe komai. Baƙo ba ya kwana biyu a daji hakimi bai ji ba.

Da aka rushe En'e, aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, sannan dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamnoni, sai sarakuna suka koma 'yan kallo. Mu kuma ma'aikata muka yi ta raguwa. Wanda ya yi ritaya ba a maye gurbinsa, babur ya lalace ba a gyara, gidan gadi ya rushe ba a tayar. Na ga zamanin da mutum biyu ke riƙe da dajin da ƙafa ba ta zagaye shi, ba makami, albashi kuma sai ya ga dama. Gidan da masu shi suka watse, duk wanda ya shigo ai shi ne mai gida. Ɓarayin shanu ne suka fara shiga, masu garkuwa da mutane suka biyo sawu. Itatuwan Kamuku sun yi shekaru kusan saba'in a tsaye mutanen Birnin Gwari suna barci da ido biyu rufe. Abin da ya canza mai tsaro ne ya tafi.

Ɗan Alkaleri:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ban musa ko ɗaya ba. Amma ku da ke birni a hoto kuke ganin giwa, mu a gona muke ganinta. Garke ya shigo da dare lokacin da dawa ta fitar da kai, kafin kiran assalatu an gama da noman shekara. Abin da ba su ci ba sun tattake. Mun kwana a gona muna buga gwangwani, muna hura wuta, muna ihu har murya ta dushe. Ƙanen babanmu shekarar da abin ya same shi sai da ya sayar da shanun huɗarsa kafin ya ciyar da gida. An kai kuka, an zo an duba an rubuta, har yau shiru.

Sannan in matarka ta tsallaka iyaka ta ɗebo itacen girki, laifi ne. In yaro ya ɗana wa zomo tarko, laifi ne. Manyan motoci su wuce ta Mainamaji, ƙofar shiga gandun, su tafi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, mu ƙurarsu ce rabonmu. To ka je ka ce wa wannan mutum giwa dukiyar ƙasa ce, ka ji amsar da zai ba ka. Ni ba na goyon bayan a sare Yankari, a nan aka haife ni, amma na san dalilin da ya sa wasu namu za su yi murna in an sare.

Injiniya:
To kun ji daga bakin mai wurin.

Ɗalibar Gombe:
Kawu Ɗan Alkaleri, Allah ya mayar da alheri. Abin da ka faɗa shi ne babban ciwon da ke damun duk mai karatun namun daji, kuma duk shirin da ya tsallake shi ba zai je ko'ina ba.

Amma Injiniya, ina roƙon ka duba abin da za a rasa. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta samu giwaye sama da 300 a Yankari. Yanzu ana ƙiyasta su tsakanin 100 da 150. A duk Najeriya giwayen da suka rage ba su wuce 400 ba, alhali shekaru talatin baya sun haura 1,000. Zaki kuwa, a faɗin ƙasar nan a wuri biyu kawai ya rage, Yankari da Kainji, kuma 'yan ƙalilan ne. Ga ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, dorina. Da rani duk a bakin kogin Gaji suke taruwa, domin shi ne ruwan da ba ya ƙafewa. Ranar da aka yi gonaki a bakin Gaji, an gama.

Kuma an gwada an ga tsaro yana aiki in an yi shi da gaske. Bayan da gwamnatin Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da WCS, ƙungiyar kare namun daji, a 2014, aka riƙa biyan masu sintiri alawus ɗinsu da ba su guzuri, aka sa wa wasu giwaye na'ura a wuya don a san inda garke ya nufa. Daga Mayun 2015 an shafe shekaru ba a tsinci gawar giwar da aka kashe don haure ba. Kafin nan kuwa kowace shekara sai an yi asara.

Batun 'yan bindiga kuma, dubi gabashin Sakkwato, su Isa da Sabon Birni. Wane ƙurmi ne a can? Amma ga abin da ake ciki. Babur da bindiga da rashin hukuma su ne jarinsu.

Injiniya:
Ƙanwata, na ji lissafin giwa. Lissafin mutanen da aka binne a Birnin Gwari fa?

Ɗalibar Gombe:
Yaya, Allah ya jiƙansu, ba wanda zai haɗa ran mutum da na dabba. Abin da nake cewa shi ne sarewar ba za ta dawo da tsaro ba, kuma za ta jawo wata asarar a kan mutanen. Kai injiniya ne, ɗauki Falgore. Kogin Kano ta cikinsa yake ratsowa kafin ya zuba a dam ɗin Tiga. Tiga ke shayar da noman rani na Kadawa da Kura, shinkafa da tumatir da alkama. Ka sare Falgore ka mai da shi gonaki, duk damina ruwa zai kwashe ƙasa ya jibge a cikin dam. Ka fi ni sanin abin da yashi da laka ke yi wa madatsar ruwa.

Ɗan Ardo:
Salamu alaikum. Tun ɗazu ina karantawa, an ambaci manomi, an ambaci giwa, ba a ambaci saniya ba, alhali kullum mu ake nuna wa yatsa in an zo maganar daji.

Gaskiya ne shanu suna shiga gandun gwamnati. Ba zan ɓoye ba. Amma a tambaya mana, ina za su? A 1965 gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Ana maganar wurare 415 a ƙasar nan, waɗanda aka tabbatar a dokance kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai, su ma yawanci an nome su ko an gina. Burtalin da kakana ya bi da garke, yau in ka bi shi a tsakiyar gonar wani za ka tsinci kanka. Mashaya an zagaye ta da lambu. In watan Maris ya yi, ƙasa ta zama fari fat, wurin da ya rage da ɗanyar ciyawa da ruwa shi ne cikin gandu. Mutum yana kallon dukiyarsa tana faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ga ciyawa can yana hange. Sai ya shiga. A kama shi a ci shi tara, ya sayar da sa ya biya, baɗi ya sake komawa.

Shawarar Injiniya kuwa mu ta fi kashewa. In aka raba dajin ga manoma, ɗan abin da ya rage mana ya tafi, rikicin da ake kuka da shi ya ninka. Kuma kada a manta, ɓarayin da ke cikin dazukan nan shanunmu suka fara kwashewa tun kafin mutanen birni su san da su.

A Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane gandu girma a Najeriya, akwai wuraren da aka bar wa makiyaya da manoma a kan tsaunuka tun lokacin da aka shata shi. Ban ce babu matsala a can ba, amma aƙalla an yarda cewa akwai mutane.

Baba Malamin Daji:
Ɗan Ardo ka faɗi gaskiya a kan burtali. Sai dai ni ma in faɗa maka tawa. Akwai makiyayan da ke hawa maɗaci da madobiya su sassare rassan kakaf don shanu su ci ganye, har itacen ya mutu. Akwai masu sa wa mushe guba don zaki ko kura, ungulu ma su ci su mutu. Wannan ba yunwar rani ba ce, ɓarna ce.

Ɗan Ardo:
Haka ne Baba, akwai su, kuma ba na kare su. In da ardo yana da ta cewa a kan dajin, shi zai fara hana su.

Alaramma:
Bismillah. Tunda an zo nan bari in sa baki, don wasu suna ɗauka keɓe daji al'adar Nasara ce. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya keɓe wurin da ake kira Naƙi'u saboda dawakan Musulmi. Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Abin da ya fi jan hankalina shi ne umarnin da Umar ya ba wanda ya ɗora a kan hurumin, yana nan cikin Bukhari. Ya ce masa ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya yi hattara da garken Ibn Auf da na Ibn Affan. Dalilinsa shi ne su attajirai ne, in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino da za su koma gare su, talaka kuwa in nasa sun halaka wurin shugaba zai zo da 'ya'yansa yana kuka.

Ku auna wannan da abin da muke gani. Mai ɗaurin itace ɗaya a ka shi ake kamawa, mai tirela ya wuce. Keɓewar halal ce, har ma wajibi ce in maslahar jama'a ta buƙata. Amma an juya tsarin, an sa ƙafa a sama.

Maman Sadik:
Allah ya gafarta Malam, ka taɓo inda nake jira. Ku maza kuna ta maganar giwa da bindiga, ni bari in yi maganar murhu. Abin da ke cinye dazukan Bauchi a kullum gawayi ne. Ku tsaya a bakin hanyar Bauchi zuwa Jos ko ta Ningi ku ga buhuna a jere, ku ga motocin da ke lodi. Kirya da marke da kaɗanya ake bi, don su ne gawayinsu ke daɗewa. Kaɗanyar da mata ke samun man kaɗe da kuɗin sabulu a jikinta shekara da shekaru, a dare ɗaya ta zama buhu uku. Kuma wa ke saye? Mu ne. Ni malamar makaranta ce, da gas nake girki, da ya yi tsada na koma gawayi, haka maƙwabtana duka. Kananzir kuwa an manta da shi. Duk dokar hana gawayi da za a kafa, in ba a sauƙaƙa wa mace abin da za ta dafa tuwo da shi ba, a takarda za ta tsaya.

Ban da wannan ga madobiya da aka yi ta lodawa daga Taraba da Adamawa zuwa Sin, har sai da hukumar duniya mai kula da cinikin irin waɗannan abubuwa ta dakatar da Najeriya a 2018. Wannan ba talaka ne ya yi ba.

Abu na biyu, yaranmu. Mun taɓa kai ɗalibai Yankari. Da yawansu 'yan Bauchi ne amma ba su san akwai rijiyoyin Dukkey sama da ɗari da aka haƙa a cikin dutse ba, ba su san kogwannin Marshall waɗanda mutanen da can suka sassaƙa suka zauna a ciki ba, ba su san an yi ƙira da narkar da tama a wurin ba. Ruwan Wikki da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa digiri 31, dare da rana, rani da damina, sai da suka taɓa suka yarda. Yaron da bai taɓa ganin abu ba, in ya girma ya zama kwamishina, da wace zuciya zai ƙi sa hannu a sayar?

Barista:
Ni tambayata ta doka ce. A 1991 gwamnatin soja ta mai da Yankari gandun tarayya. A 2006, zamanin Obasanjo da Gwamna Ahmadu Mu'azu, Bauchi ta nema aka mayar mata. Tun daga nan ake gardama ko an yi daidai. Masu cewa a mayar wa tarayya suna cewa jiha ba ta da kuɗi, kuma kowane sabon gwamna da nasa ra'ayin: wani ya gyara masauki, wani ya manta da wurin. Ni a da can ina wannan ɓangare, har yanzu ma ina ganin ƙarfin hujjar. Sai dai Kamuku a hannun tarayya yake tun 1999, bai hana shi zama abin da ya zama ba. Kainji na tarayya ne, shi ma 'yan bindiga sun shiga. A 2020 Shugaba Buhari ya amince a ƙara gandaye goma a kan bakwai ɗin da tarayya ke da su, ciki har da Falgore, da Baturiya a Jigawa, da Kogo a Katsina. Wanda bakwai suka yi masa nauyi, yaya zai yi da goma sha bakwai?

Misalin da nake ba mutane shi ne Zakuma a Chadi. Giwayensu sun faɗo daga sama da 4,000 a 2002 zuwa kusan 450 a 2010, mahaya dawaki daga nesa suna zuwa suna karkashe su. A 2010 gwamnatin Chadi ta ba ƙungiyar African Parks riƙon wurin na dogon lokaci, ƙasa tana nan ta Chadi. Ba a samu da sauƙi ba, a 2012 an kashe masu gadi shida, an far musu suna sallar asuba. Amma kisan giwa ya kusa tsayawa cak, garken ya koma haihuwa. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne sun haɗa ƙauyukan kewaye da rediyon sadarwa, wanda ya ga baƙin mahaya ya sanar, masu gadin gandu su zo. Tsaron giwa ya zama tsaron ƙauye.

Ɗan Alkaleri:
Barista, wannan na ƙarshen shi ne magana. In mai gadin daji zai zo ranar da aka zo sace ni, ni ma zan kira shi ranar da na ga mafarauci.

Injiniya:
Maganar Tiga ta shige ni, ba zan ce a taɓa Falgore ba. Amma ban janye gaba ɗaya ba. Akwai dazukan da sunan kawai ya rage, ba dabba, ba itacen kirki, sai sansanin ɓarayi. Waɗannan me ake ajiye su a yi? A 2025 Shugaba Tinubu ya amince a ɗauki dakarun tsaron daji. Madalla. Amma in shekara biyu ta wuce aka daina biyansu, mun ƙara wa daji masu bindiga ne kawai.

Baba Malamin Daji:
Tsoronka na ƙarshe ni ma ina da shi, kuma duk wanda ya yi aikin nan yana da shi.

Batun rabawa kuwa, ɗana, na ga yadda ake yi. Ba a taɓa yanka gandu aka ba matashin da kake tausayi ba. Takarda ake fitarwa a ce an cire wani yanki don amfanin jama'a, kafin ka farga hekta ɗari biyar tana hannun mutum ɗaya, ya sa katafila ta tumɓuke komai, ya sayar da itacen, ya noma shekara uku, ƙasa ta gaji ya bar ta. Matashin ya dawo ɗan ƙwadago a wurin da ubansa ke samun zuma da ɗorawa da maganin shawara. Makiyayin da aka kora daga nan kuma ya faɗa gonar talaka. Je ka tambayi mutanen Zamfara yadda rabon dazuka da wuraren kiwo ya ƙara rura wutar da suke ciki.

Dajin da ya lalace ba mutuwa ya yi ba. In aka ɗaga masa ƙafa shekara biyar, aka hana gatari da wuta, za ka sha mamaki.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga mutanen Najeriya. Baba ya gama da inda ni zan fara, don mu abin da ya faɗa mun gani da ido.

Mu ma dokar da Faransa ta bar muna cewa ta yi icce na gwamnati ne, ko a cikin gonarka yake. Ka sare reshen gawon da ke tsakiyar gonarka, ma'aikatan daji su ci ka tara. To mi manomi zai yi? Duk tsiron da ya gani sai ya tumɓuke tun yana ƙarami, kada ya girma ya jawo mashi hukuma. Ga fari na 1973 da na 1984. Ƙasar Maraɗi ta zama fili, iska ya riƙa binne shuka, mutum ya yi shuka sau uku kafin ta kama. An kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itace, mafi yawa sunka mutu.

A 1983 wani mutumin Ostareliya da ke aiki a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan kumbun da muke sassabewa duk shekara ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙasa. Daga nan aka fara abin da muke kira sassaben zamani, wato a bar wannan toho a gona a raine shi ya zama icce. Da farko dariya aka yi wa masu yi, ana cewa gonarsu ƙazama ce. Abin da ya sa ya bazu shi ne hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata iccen da ya raina nashi ne, har dokar daji ta 2004 ta ƙara ƙarfafa haka. Yau masu bincike suna maganar hekta kusan miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ba gandun gwamnati ba ne, gonakin mutane ne. Mace ta samu iccen girki a bayan gida, bisashe sun samu 'ya'yan gawo da rani, hatsi ya fi kyau a ƙarƙashin gawo.

Haka raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai. A 1996 kamar 50 sunka rage, daga baya sunka haura 600, kuma a cikin gonakin mutane suke yawo, ba shinge. Suna cin wake, ana jin haushi, amma 'yan garin ne masu rakiyar baƙi, kuma an yi wa ƙauyukan ayyuka saboda su. Ba zan ɓoye muku ba, mu ma tsaro ya taɓa mu. A watan Agusta 2020 an kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, baƙi sunka ɗauke ƙafa. Gandun W ma, wanda aka kafa tun 1954, masu ɗauke da makamai sun shige shi.

Maman Sadik:
Ɗan Maraɗi, wannan ita ce amsar murhuna. In itacen girki yana gona, wa zai tafi gandu?

Ɗan Ardo:
In dai za a bar mana 'ya'yan gawo bayan an kwashe amfanin gona, mu ma taki za mu bar wa mai gonar, kamar yadda ake yi a da.

Injiniya:
Wannan ya rage wa gandu nauyi, na yarda. Bai fitar da wanda ke ciki da bindiga ba. Wannan aikin soja ne, kuma bayan soja sun fita dole a samu wanda zai zauna. Barista, ina so ka duba mana ko majalisar jiha za ta iya yin dokar da za ta ware wani kaso na kuɗin shiga Yankari ya tafi kai tsaye ga gundumomin da ke kewaye, da asusun biyan diyyar gonar da giwa ta ci. In akwai hanya, mu rubuta mu kai wa 'yan majalisarmu.

Barista:
Tunda gandun a hannun jiha yake, majalisar jiha tana da hurumin yin haka. Zan tsara daftari in kawo zaure a gyara. Ɗan Alkaleri da Ɗan Ardo, zan buƙaci ku gaya mini yadda za a tantance ɓarna ba tare da an mai da abin hanyar cin kuɗi ba, don nan ne irin wannan doka ke mutuwa.

Ɗan Alkaleri:
A sa mai unguwa da limami da wakilin makiyaya da ma'aikacin gandu su je tare, a auna a gaban kowa, cikin kwana biyu kafin sawun ya ɓace. Kada a bar mutum ɗaya da biro.

Ɗan Maraɗi, ni kuma ina da tambaya. Gonata cike take da tohon kalgo da sabara da ɗan marke, kowace shekara sai na sassabe na ƙone. Yaya ake yin naku?

Ɗan Maraɗi:
Abu ne mai sauƙi ɗan uwa, lauje ko adda mai kaifi ta isa. In ka zo sassabe, kowane kututture ka duba rassan da sunka toho, ka zaɓi masu ƙarfi da miƙewa, uku zuwa biyar, ka bar su, sauran ka yanke. Waɗanda ka bari ka share masu ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsawonsu, kana yankawa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ka ɗaura masu ɗan tsumma don masu neman icce su san da mai su, ka kuma gaya wa maƙwabta da mai gari tun da wuri. Kada ka kai wuta kusa. Bayan 'yan watanni ka koma ka sake gyarawa. Duk shekara kana iya sare ɗaya ka yi amfani da shi, ka bar sabon toho ya maye. Bana ka fara da gefe guda na gonar, in kaka ta yi ka gwada hatsin nan da na sauran.